Haraji a Kan Kuɗin Makarantar da Aka Yafe wa Ɗalibi: Misalin Amurka



Tambayar da wannan lacca ta ginu a kanta ita ce: shin kuɗin da aka yafe wa mutum, waɗanda bai taɓa riƙe su a hannunsa ba, ana iya ƙidaya su cikin abin da ya samu, har a aza masa haraji a kansu? A Amurka an yi babbar muhawara a kan haka.

A jami'o'in wannan ƙasa, da yawa daga cikin masu neman digiri na biyu da na uku ba sa biyan kuɗin makaranta. Jami'a takan ɗauke su su koyar da 'yan digirin farko, ko su taimaka wa manyan malamai wajen bincike. Sai ta ba su abu biyu: alawus na abinci da haya, da kuma yafe kuɗin karatu. Doka ta bambanta su. Shi alawus ana biyan haraji a kansa, domin ladan aiki ne. Amma kuɗin da aka yafe, sashe na 117 na dokar harajin tarayya ya keɓe su, muddin ɗalibin koyarwa yake yi ko bincike. Wanda kuwa aikin ofis aka ba shi, sashe na 127 ne ya shafe shi: dala 5,250 kawai aka ɗauke masa a shekara, abin da ya haura sai ya biya haraji.

Ran 16 ga Nuwamba, 2017, Majalisar Wakilai ta amince da wani shirin doka wanda a ciki aka soke wannan keɓewa, da ƙuri'a 227 a kan 205. Domin a ga nauyin abin, a ɗauka ɗalibi yana karɓar alawus na dala 30,000, kuɗin makarantar da aka yafe masa kuwa dala 50,000 ne. Da shirin ya tabbata, da an ɗauke shi tamkar mai samun dala 80,000, alhali kuwa daga cikin 30,000 ɗin nan zai fid da harajin duka.

Masu goyon bayan shirin suna ganin yafewar wata hanya ce ta biyan ma'aikaci, don haka bai dace a fifita shi a kan sauran ma'aikata ba. Masu suka kuwa suka nuna cewa jami'a ce ke yanka kuɗin, ita ce kuma ke yafe su, watau lissafi ne a takarda. Suka ƙara da cewa sai 'ya'yan masu hali kaɗai za su iya zurfafa ilmi, binciken kimiyya kuma zai raunana, tun da waɗannan ɗalibai ne ƙashin bayansa. Baƙi daga ƙasashe irin su Nijeriya, waɗanda biza ta ƙayyade musu aikin da za su yi, su ne za su fi jin jiki.

Ran 29 ga wannan wata ɗalibai suka fita daga azuzuwa a jami'o'i da dama. Majalisar Dattijai ba ta sa sokewar cikin nata shirin ba, kuma dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ran 22 ga Disamba, 2017, ta bar keɓewar yadda take.

Darasin da ke ciki ga mai tsara doka shi ne, kafin a kira abu samu, a duba ko mai shi yana iya ɗebo haraji daga cikinsa. In ba ya iyawa, to harajin zai faɗa ne a kan abincinsa da hayar ɗakinsa.