Ƙanƙarar da Ba Ta Zo Musawa Ba

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai)



Malaminmu na labarin ƙasa yana zaune a nan, Allah ya ƙara masa lafiya. Shi ne ya rubuta mana a allo cewa zamani na ƙarshe a tarihin ƙasa, wanda masana ke kira Kwatanari, ya fara shekara miliyan 1.8 da suka wuce. Muka haddace, muka ci jarrabawa. To Malam, a gafarce ni, an canza lissafin.

Abin da Malam ya koya mana shi ne ke cikin littattafai a lokacin. Masana ilmin duwatsu suna raba zamunna ne kamar yadda muke dasa gamba a iyakar gona: a zaɓi shimfiɗar dutse ɗaya a wuri ɗaya, a ce daga nan aka fara. A shekarun 1980 sun kafa alamar a Vrica, a kudancin Italiya. Wasu ba su gamsu ba, domin shaida ta nuna sanyi ya kankama tun kafin nan. Aka yi ta ja-in-ja har watan Yuni na 2009, lokacin da ƙungiyarsu ta duniya ta mayar da iyakar zuwa shekara miliyan 2.58, da alama a dutsen Monte San Nicola na tsibirin Sisili. Dalili shi ne a wajejen nan ƙanƙara ta fara taruwa sosai a arewacin duniya, kuma maganaɗisun duniya ya juya, abin da ya bar tabo a duwatsun ko'ina.

Tun daga nan ƙanƙara take zuwa tana komawa, da farko duk shekara 41,000, daga baya kusan duk 100,000, bisa yadda karkatar duniya da hanyarta ta kewaya rana ke sauyawa. Ta ƙarshe ta kai ƙololuwa kimanin shekara 21,000 da suka wuce. Ta rufe Kanada da arewacin Turai, teku ya ja baya da wajen mita 120. An fita daga cikinta shekara 11,700 da suka wuce.

Na ga wasu na duba agogo, suna cewa ina ruwan Musawa da ƙanƙarar Kanada? Ai ba ta taɓa zuwa nan ba. Gaskiya ne, amma ta aiko da saƙo. Duk lokacin da ta yi ƙarfi a can, damina sai ta raunana a nan. Hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomitoci. Tuddan yashin da ake gani a Jihar Jigawa ragowar wannan hamada ne, wani Bature masani, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu tun 1958. Iska ta zubar da yashi mai nauyi a arewa, ta ɗauko ƙura mai laushi ta shimfiɗa ta a kan tsohon dutsen yankin Funtuwa da Zariya. Wanda ya taso daga Kankiya ya bi ta Musawa zuwa Malumfashi zai ga yadda jigawa ke raguwa, ƙasa na ƙara riƙe ruwa. Audugar da aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta da ita, a kan wannan ƙura ta fito.

Da ƙanƙara ta narke kuma, ruwa ya dawo fiye da na yau. Tafkin Chadi ya cika har bakinsa ya kai inda Maiduguri da Bama suke. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, Jihar Yobe, ya tono kwale-kwale mai shekara kusan 8,000. Ƙurar hunturun da ke toshe mana hanci, mafi yawanta daga busasshen gindin wancan tafki take tasowa, a Bodele ta ƙasar Chadi.

Wani abokin aiki ya taɓa ce mini, tunda yanayi dama yana sauyawa da kansa, a bar damun mutane da dashen itace. Ban yarda ba. Waɗancan sauye-sauye dubban shekaru suka ɗauka. Iyayenmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da damina biyu kacal ke iya yi. Ƙasar saman da iska ta daɗe tana tarawa, kwazazzabo na kwashe ta cikin 'yan shekaru, abin da ke ƙarƙashinta kuwa sau da yawa marmara ce, ko garma ba ta shigarta.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin kai 'yan aji biyar bakin kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini, su ga shimfiɗun da idonsu. Kuɗin mota ne kawai, ni zan biya rabi. Ga kwalabe uku na zo da su: yashin Kankiya, ƙasar gonarmu, da ta Funtuwa. Malam, kai za ka fara taɓawa.