Kunzait: Mugun Majigi Da Dutsen Da Ya Ci Sunansa



Mun sani wasu sun yi murmushi da suka ga kan maganarmu, suna cewa ina ruwan ɗaliban jami'a da majigin yara. To, a yi mana haƙuri kaɗan. Daga Japan za mu taso, amma a ƙasar Yawuri za mu sauka.

A ƙarshen 1991 wata mai zane, Naoko Takeuchi, ta fara buga labarin Sailor Moon a wata mujallar 'yan mata, a 1992 kuwa kamfanin Toei ya mai da shi majigin zane, irin wanda Japanawa ke kira anime. Ita wannan mata ilmin haɗa magunguna ta karanta, kuma 'yar garin Kofu ce, garin da ya yi suna wajen gyaran duwatsun ado. Saboda haka da ta zo raɗa wa miyagun labarinta suna, sai ta ɗauko daga ma'adinai. Akwai Sarauniya Beril, da jarumanta huɗu, watau Jedait, da Nefrait, da Zoisait, da babbansu Kunzait, mai doguwar farar suma, wanda shi ne na ƙarshen faɗuwa. Aikinsu shi ne su tsotse ƙarfin jikin mutane su kai wa Daular Duhu. A littafin ma an nuna da can dogarai ne na Yariman Duniya, aka juya musu hankali, kuma da suka mutu sai suka koma duwatsun da suka ci sunansu.

Shi dutsen kunzait na gaskiya, garai-garai yake kamar gilashi, launinsa ja-ja mai haske, wani lokaci ya ɗan yi shunayya. An gano shi a 1902 a Kalifoniya ta Amurka, aka sa masa sunan George Frederick Kunz, masanin duwatsu na kamfanin Tiffany. Yana da wani hali mai ban mamaki: in aka bar shi a rana ya daɗe, launinsa dusashewa yake yi, har masu ado suna ce masa dutsen maraice. Lalle wannan suna ya dace da jarumin Daular Duhu.

Amma fa kunzait ɗan gida ne a cikin wani babban dangi da ake kira sifodumin, sifodumin kuwa yana cikin manyan duwatsun da ake tatso litiyom. Da litiyom ake yin batirin wayar da ke aljihun kowannenmu, da na mota mai aiki da lantarki. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da irin wannan batir a 1991, shekarar da aka fara buga labarin. Ga mugu mai tara ƙarfi a majigi, ga dutsensa yana adana ƙarfi a duniya.

Yanzu sai mu dawo gida. Haƙar ƙasa ba baƙuwa ba ce a wajenmu, gama tun zamanin Turawa ake wankin zinariya a kewayen Birnin Yawuri. Abin da yake sabo shi ne litiyom, wanda ake haƙa a Libata ta ƙaramar hukumar Ngaski, kamar yadda ake yi a Nasarawa da Kwara da Oyo. Har ma a bakin dillalan Nijeriya sunan kunzait ya shiga, ana kiran dutse mai kyau da shi. Saurayi ya shiga rami da diga da guduma, ya cika buhu, a ɗora a sikeli, a biya shi. Mai saye kuwa ya san abin da mai haƙa bai sani ba. Tsantsar sifodumin tana ɗauke da kimanin kashi 8 cikin 100 na sinadarin da ake auna litiyom da shi, kasuwar duniya kuma da wanda aka tace ya kai kashi 6 take yin ma'auni. Buhu biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen daraja, ido kuwa ba ya raba su, sai awo a ɗakin gwaji. Wanda ya riƙe awo shi ke yanka farashi. Haka kuma da farashin litiyom ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100 a 2023, dillali ya ji labari tun da wuri, na cikin rami sai a bakin sikeli.

Bugu da ƙari, ribar ba a haƙa take ba. Sai an gasa dutsen da zafi fiye da digiri 1,000, an jiƙa shi da ruwan asid, sa'an nan ya ba da abin da masu batir ke so, kuma mafi yawan wannan aiki a ƙasar Sin ake yinsa. An buɗe wata masana'antar tace dutsen a jihar Nasarawa a 2024. Mataki ne, amma da sauran tafiya tsakaninsa da batir.

Mu 'yan bakin tafki ba yau muka fara ganin ana ɗibar ƙarfi daga ƙasarmu ba. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane wajen 44,000, cikinsu har da Gungawa da suka bar tsibiran kakanninsu. Lantarki ya bi waya ya tafi manyan birane, ƙauyuka da yawa na gaɓar suka daɗe suna kunna aci-balbal. Iyayenmu na wancan zamani suna da hanzari, domin 'yan boko ƙalilan ne a cikinsu. Mu ba mu da wannan hanzari. Kuma mun ga abin da haƙa cikin rashin sani ta jawo a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Litiyom ba ya tafe da wannan guba, amma ƙurar dutsen tana cin huhu, rami kuma yana rufta wa mutum.

Ba mu ce a kori mai saye ba, ba mu kuma ce kowane baƙo Kunzait ne ba. Ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya suke bisa tsarin mulki, amma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma riƙa sake duba ta duk bayan shekara biyar. Mutum nawa ne a Libata ko Wara suka taɓa jin an karanta musu irin wannan takarda?

Shawararmu ga wannan taro ita ce, a hutu mai zuwa masu karatun shari'a su nemo waɗannan yarjejeniyoyi, a fassara su da Hausa da Kambarci da Gunganci, a karanta a gaban masu gari da matasa. Masu karatun ilmin ƙasa da kimiyyar sinadarai kuma su ɗebo samfurin dutse daga ramuka, su roƙi malamansu a auna, a mayar wa masu haƙa da sakamakon a rubuce, kowane rami da nasa.