Daga Samaru Kataf zuwa Maraɗi da motarka

Duk mai shirin tuƙa motarsa karon farko daga Samaru Kataf zuwa Maraɗi, ya fara zuwa wajen bakanike. A duba birki, a canja baƙin mai, a gwada safaya, domin zafin hanyar Katsina ba irin na Samaru Kataf ba ne, kuma tsohuwar taya ba ta jure shi.

Amma abin da ya fi tsayar da mutane a kan iyaka, wato Jibiya da Ɗan Issa, takardu ne: fasfo, lasin tuƙi, takardun mota masu sunanka, inshora, da katin rigakafin shawara. Jandarma ba ya jin "ai na manta".

Hannun tuƙi kam ɗaya ne a ƙasashen biyu, tun 1972 Najeriya ta koma dama. Ka dai canji sefa kafin ka tsallaka.