A'isha Fallatiyya, 'Yar Gida da Ta Yi Suna a Bakin Nilu: Jawabi a Bikin Yaye Ɗalibai Mata a Burumburum

  

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayen ƙasa, hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabar makaranta da malamanta, sannunku da ƙoƙari. Iyaye maza da mata da suka yi sammako daga Tudun Wadar Ɗankadai da Doguwa da Ƙiru da Bebeji, barkanku da zuwa. Sai ku 'ya'yana ɗalibai, waɗanda dominku aka kafa rumfunan nan: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Daga yau za ku watse. Wata za ta wuce jami'a a Kano ko Wudil ko Zariya, wata makarantar koyon aikin jinya, wata kuma aure zai ɗauke ta ya kai ta garin da ba ta taɓa jin sunansa ba. Ba abin mamaki ba ne. Ƙasar nan tamu ta kudancin Kano ta daɗe da sanin mai tafiya da mai zuwa. A nan Burumburum Sarkin Kano Alwali ya zo ya fake bayan birni ya kuɓuce masa, a nan kuma kwanansa ya ƙare a 1807. Har gobe motocin da ke ratsa dajin Falgore zuwa Jos cike suke da mutanenmu masu neman abinci. Shi ya sa na zaɓi in ba ku labarin wata mata wadda iyayenta suka bar ƙasar Hausa, aka haife ta a ƙasar wasu, ta yi suna har ya cika ƙasar, amma mu nan gida da wuya ka sami wanda ya san ta. Sunanta A'isha Musa Ahmad. Mutanen Sudan suna kiranta A'isha Fallatiyya.

Kafin jirgin sama ya ɗauki alhazai daga Kano, da ƙafa ake zuwa Makka. Mutum ya sallami iyalinsa, ya yafe bashi, ya nemi gafara, ya ɗora kaya a jaki ya fuskanci gabas. Ya ratsa Barno, ya shiga ƙasar Wadai, ya bi ta Darfur da Kurdufan, ya haye Nilu, har ya kai bakin Bahar Maliya inda zai hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara, a ƙara gaba. Da yawa a hanya suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, suka zauna. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira da ɗimbin jama'a, ya yi shahada a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau. Da aka gama madatsar ruwan Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun mutanenmu ya yi aiki a cikinsu ƙwarai. Ku da kuka tashi kusa da dam ɗin Tiga kun san yadda noman rani yake tara baƙi. Duk waɗannan mutane, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, suna ɗaya Larabawan Sudan suka haɗa su a ciki, wato Fallata, kuma sau da yawa ba da girmamawa ake faɗinsa ba.

Iyayen A'isha daga ƙasar Sakkwato suka fito da niyyar aikin hajji. Mahaifinta malami ne Bafulatani, mahaifiyarta Bahaushiya. An haife ta a Kasala, can gabashin Sudan kusa da iyakar Eritriya, a wajajen 1905. Daga baya gidan ya koma Omdurman, inda mahaifin ya riƙe makarantar allo. A gabansa ta yi karatu. Ta riƙe allo kamar yadda kowaccenku ta riƙe, ta yi tilawa, ta koyi fitar da harafi daga mafitarsa, ta san inda ake ja da inda ake tsayawa. Ku lura da wannan, domin shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Yarinyar da ake jin Hausa a gidansu ta fita waje ta rera waƙa da Larabcin da masu harshen ba su sami abin kushewa a cikinsa ba. Makarantar mahaifinta ce ta ba ta wannan harshe.

Tana 'yar shekara goma sha huɗu ta fara waƙa a gidajen biki. Mahaifinta bai so ba, har ya yi mata aure ko ta bari. Auren bai ɗore ba, ta koma waƙarta.

A nan zan tsaya kaɗan, domin na san a cikin iyayen da ke zaune akwai wanda zuciyarsa ke cewa, mene ne na kawo zancen zabiya a gaban 'ya'yanmu? Allah ya ba ku haƙuri, tambayarku tana kan hanya. Ba zan ga laifin mahaifin A'isha ba. Baƙo ne a ƙasar mutane, mutuncinsa shi ne dukiyarsa, kuma ya san yadda ake kallon mace mai waƙa a can da nan. Uba ne mai tsoron abin da duniya za ta yi wa 'yarsa. Ban kuwa zo in ce muku ku zama mawaƙa ba, balle in ce ku saɓa wa iyaye. Na zo da labarinta ne saboda abin da ta yi da baiwar da Allah ya ba ta, da kuma abin da mu muka kasa yi mata.

A ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji muryarta, aka kai ta Alƙahira ta ɗauki waƙoƙi a faifan garmaho. Faya-fayan suka dawo Sudan, aka riƙa sa su a shagunan shan gahawa, sunanta ya fita daga zauren biki ya shiga kasuwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka tura sojojin Sudan fagen fama a gabashi da arewacin Afirka, ta je ta yi musu waƙa don ta rage musu kewar gida.

Babban abin da ake tunawa da ita ya faru ne a farkon shekarun 1940. Gidan rediyon Omdurman sabo ne a lokacin, kuma muryar mace ba ta taɓa fita daga cikinsa da waƙa ba. A'isha ce ta fara. Ta shiga tare da 'yar'uwarta Jidawiyya, wadda ta iya kaɗa udu, molon nan na Larabawa. Masu sauraro suka yaba. Wasu manya suka yi tir. Wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan rediyon don kada a haɗa su da ita. Abu biyu ake riƙe da ita a kai: ga ta mace, ga ta Bafallata. Tsangwamar ta kai har ta yi tunanin tattara nata ya nata ta koma Najeriya, ƙasar iyayenta. Ba ta koma ba. Ta tsaya ta ci gaba da aiki, har waɗanda suka guje ta suka gaji suka dawo, har aka wayi gari tana rera waƙa tare da maza a wannan gidan rediyon, sauran mata kuma suka sami ƙofa a buɗe. Ta bar waƙoƙi sama da 150. Mafi yawansu na soyayya ne, amma ta yi na kishin ƙasa lokacin da Sudan ke neman 'yanci daga Ingila da Masar, 'yancin da ta samu a ranar 1 ga Janairun 1956. Larabci ne harshen aikinta, amma ba ta yar da Hausa ba, ta yi waƙa da ita. Ta rasu a Omdurman a 1974, shekarar da aka kammala dam ɗin Tiga.

Abin da ya fi burge ni a rayuwarta shi ne ba ta ɓoye asalinta ba. Da ta so, da ta ɗauki wani laƙabi ta saje da mutanen gari, kamar yadda baƙi da yawa suke yi idan suna neman shiga. Ta bar sunan da ake yi wa danginta gori da shi ya zauna a jikin faifanta, har ya zama idan ɗan Sudan zai faɗi macen da ta fara waƙa a rediyon ƙasarsa, dole bakinsa ya ambaci Fallata.

Mukan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Magabata sun faɗe shi ne don su ja kunnen matafiyi kada ya manta da tushensa. Mu kuwa mun mayar da shi hujjar mantawa da namu. Mun san Barmani Choge ta Funtuwa, mun san Uwaliya Mai Amada, kuma sun cancanci a san su. A makaranta an koya muku Nana Asma'u 'yar Shehu da 'Yan Taru. Fati Nijar ta taso daga Maraɗi ta zo Kano, muka karɓe ta hannu bibbiyu, ba wanda ya tambaye ta takardar zama kafin ya saurari muryarta. To me ya sa wadda ta fita daga cikinmu ta yi gabas ba ta da ko layi ɗaya a littattafan da kuka karanta? Wannan ba laifin Sudan ba ne. Namu ne, mu malamai da marubuta.

Kuma zancen bai zama tarihi ba tukuna. Jikokin waɗancan alhazan suna nan a Kasala da Gadarif da Sannar da Damazin, suna jin Hausa, suna tuƙa tuwo, amma har yanzu akan tambaye su ko su 'yan ƙasa ne. A 2022 rikicin ƙasar noma da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayukan mutane da yawa, Hausawa na ciki. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, har sai da aka kwaso ɗalibanmu da ke karatu can, da yawansu 'yan jihar nan. Ginin gidan rediyon Omdurman, inda aka adana muryar A'isha da ta sauran mawaƙan ƙasar, shi kansa ya zama fagen daga, mayaƙa suka mamaye shi kusan shekara guda. Abin da aka ajiye a wuri ɗaya, dare ɗaya yana iya tafiya.

Saboda haka ina da roƙo, kuma a gaban iyayen ƙasa nake yin sa. Malaman Hausa da na tarihi a makarantun yankin nan, ku sa labarin hanyar gabas a cikin darasinku, ku ambaci wannan baiwar Allah da sunanta. Masananmu na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, garin iyayenta, su nemo waƙoƙinta na Hausa su rubuce su, su adana sautinsu a nan gida. Ku kuma 'ya'yana, kafin ku bar garin nan, kowacce ta zauna da kakarta ta tambaye ta: a gidanmu wa ya tafi gabas bai dawo ba? Za ku sha mamakin sunayen da za ku ji. Ku rubuta su, ku kawo wa makaranta, a buɗe musu littafi a ɗakin karatu. Ga waya a hannunku, waƙoƙin A'isha suna intanet, ku nema ku sa wa iyayenku mata su ji.

Idan kuma Allah ya kai ɗayarku wata ƙasa, da karatu ko aure ko aiki, ta riƙe addininta, ta iya harshen mutanen wurin har su rasa abin gyarawa, ta kuma yi wa 'ya'yanta Hausa a cikin ɗaki. Mu da muka rage a gida mun ɗauki alkawarin za mu riƙa tambayar labarinta.

Allah ya jiƙan A'isha da iyayenta, ya gafarta musu. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya ba mu namu. Allah ya saka wa malaman makarantar nan da alheri, ya sa iyaye su ci moriyar wahalarsu. Ku ɗalibai, Allah ya yi muku albarka, ya sa takardun da za ku karɓa yanzu su amfane ku duniya da lahira. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.