Bargonka Da Lafiyarka

Yau maganar bargo za mu yi.

Kun sani a ƙasar Zuru, daga Nuwamba har Fabrairu, hunturu ba ya wasa. Daga Dabai zuwa Ribah da Wasagu kowa ya kan jawo gwado, ko luru, ko bargon kanti mai kauri. To, bargo abokin kwana ne, amma in ba a kula da shi ba sai ya zama gidan cuta.

Wata rana wata mata ta kawo mini 'ya'yanta huɗu a disfensare, duka suna susa. Ƙazwa ce. Na ba su maganin shafawa, suka tafi. Bayan wata guda suka komo, ciwon yana nan. Na ce, "Inna, da me suke rufa?" Ta ce bargo ɗaya ne, kuma tun bara bai ga ruwa ba. Laifina ne, don ban tambaya tun farko ba.

Ga abin da ke ɓuya cikin kayan kwanciya. Na ɗaya, ƙwaron ƙazwa. Ido ba ya ganinsa sosai. Ya kan haƙa rami cikin fata, ya sa ƙaiƙayi da dare. In yaro ya yi ta susa sai gyambo ya fito, wani lokaci har ciwon ya taɓa ƙoda. Shi ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazwa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Na biyu, ƙwarƙwata. Tana zama a bakin ɗinki, tana kuma ɗaukar zazzaɓi mai tafiya ya komo, irin wanda ya kashe mutane da yawa a Arewa cikin shekarun 1920. Na uku, kuɗin cizo, wanda ke iya yin watanni bai sha jini ba, bai kuwa mutu ba.

Yanzu ga yadda za ku yi.

Ku zaɓi ranar da gari ya waye garau, ku fara da sassafe. A kakkaɓe bargon a waje, nesa da abinci. In na auduga ne, a jiƙa shi a babban baho da sabulu da ruwa mai zafin da hannu ba ya jimrewa, ya yi minti 10 ko fi. Wannan zafi ne ke kashe ƙwari da ƙwansu. In ruwan ya huce, a tattaka da ƙafa mai tsabta. A ɗauraye har sau 3, sai kumfa ta ƙare, gama ragowar sabulu ta kan sa ƙaiƙayi.

Bargon ulu kuwa ba ya son ruwan zafi, tsukewa ya ke yi. A wanke shi da ruwa mai ɗumi kaɗan. In akwai ƙazwa a gida, a ƙulle shi cikin babbar leda kwana 3 ko fi, don ƙwaron ba ya daɗewa in ya rabu da jikin mutum. In ƙwarƙwata ce, sai mako 2.

Bargon zamani mai cushe a ciki, kada a murɗe shi, cushen zai dunƙule. A matse shi a hankali. Mafi kyau a ɗinka masa riga da zanen gado, a riƙa wanke rigar kowane mako.

A shanya bisa igiya, ba a ƙasa ba. Akwai wani ƙuda mai yin ƙwai a ƙasa da jikin kaya masu danshi, tsutsarsa ta kan shiga fatar yara ta zama kamar maruru. A juya bargon da azahar. Kada a shigar da shi sai cikinsa ya bushe ƙayau, in ba haka ba zai yi fumfuna. A fitar da tabarma da katifa su ma su sha rana. Gidan sauro mai magani kaɗai ake shanyawa a inuwa.

Abu uku na roƙe ku. Kada ku fesa maganin ƙwari na gona a kayan kwanciya, guba ne. Kada ku sa kafur a kayan jariri, ya kan jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Kada kuma ku lulluɓe fuskar jariri da bargo mai nauyi.

In mutum ɗaya ya kamu da ƙazwa, ku zo duk gidan, a shafa muku magani rana ɗaya, a wanke kayan kwanciya a ranar. Rigakafi ya fi magani, sabulu kuma ya fi asibiti araha.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.