Nonon Uwa da Abincin Mai Jego: Jawabi ga Jama'ar Sabon Tasha

Jama'a, iyaye mata da magidanta, a saurara da kyau.

Nonon farko mai kauri, wato dakashi, cike yake da bitamin A da sinadaran kare jariri daga cuta. Kada a zubar da shi.

Bitamin A, bitamin B12 da aidin sukan ragu cikin nono idan abincin uwa ya gaza. Saboda haka mai jego ta riƙa cin manja, zogale, kabewa, ƙwai da kifi, waɗanda ake samu a kasuwannin Sabon Tasha da Kafanchan, ta kuma yi miya da gishiri mai aidin. Shi kuwa kalsiyam, mai gina ƙashi, ba ya raguwa sosai, domin daga ƙashin uwa jiki ke ɗiba.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba. Bayan haka nono kaɗai ba ya wadatar da sinadarin ƙarin jini, sai a haɗa da kunun acca mai gyaɗa, da hanta ko ƙwai.

Magidanta, ciyar da mai jego ciyar da jariri ne.