Malamin da Ya Tafi Waje Koyon Fasahar Koyarwa



Malamai da dama daga makarantunmu suna tafiya Malesiya ko Ingila domin yin digiri na biyu a fannin fasahar koyarwa, wasu da tallafin Chevening ko Commonwealth, wasu da guminsu. Ina goyon bayan wannan tafiya ƙwarai. A can malami zai koyi tsara darasi a manhajar Moodle, da naɗar gajeren bidiyo, da auna ko yaro ya fahimta.

Damuwata ɗaya ce. A ɗakin da yake karatu a can ba a ɗauke wuta, intanet kuma ba ta yankewa. Ajin da ya bari a gida kuwa, yara huɗu ne a benci guda, wasu a ƙasa, wayar gidansu kuma tana aljihun uba.

Na'ura kaɗai ba ta isa ba. A ƙasar Peru an raba wa 'yan firamare kwamfutoci a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙaruwa a lissafi da karatunsu ba. A 2020 kuma, da korona ta rufe makarantu, rediyo ce ta kai darasi gidaje a Kano da Kaduna.

Saboda haka, malam, kafin ka hau jirgi, zauna da ɗalibanka ka rubuta abin da ke hana su ganewa. A kansa za ka gina bincikenka. Ka nemi sanin manhajoji irin su Kolibri, masu aiki ba tare da intanet ba, ka kuma roƙi mai duba aikinka ya bar ka ka gwada su a makarantarku.